Honda 175 da Aka Yanke wa Wutsiya: Yadda Muka Ƙare da Cinikin

Wani dillalin babura da muka saba da shi ne ya turo mini hoton a waya, ya rubuta a ƙasa cewa tsohon Honda 175 ne, an yi masa aiki, mai shi na son kuɗi da gaggawa. Farashin da ya faɗa ya ɗara na sabon Boxer a kwali. Ina da babur ɗin da nake zuwa aiki da shi, lafiyarsa ƙalau, saboda haka ba buƙata ce ta sa na tsaya kallon hoton ba, sha'awa ce tsagwaronta. Gara in faɗi wannan tun farko, domin duk wanda ke neman abin hawan da zai kai yara makaranta ya dawo ba shi da abin yi da wannan lissafin.

Waɗanda suka girme ni sun san matsayin Honda 175 a ƙasar nan. Kamfanin Honda ya ƙera samfurin CD175 daga 1967 zuwa 1979, kuma lokacin da aka biya ma'aikata kuɗin ƙarin albashi na Udoji a 1975, zamanin Gowon, yana cikin abubuwan da malaman makaranta da akawuna suka yi rububin saye, tare da Vespa da rediyo. Injinsa silinda biyu ne a jere, kafireto ɗaya ke ciyar da su, giya huɗu, birkin gaba da na baya duk na ganga, wutarsa 6V, cen ɗinsa kuma a rufe yake cikin gidansa na ƙarfe don kada ƙasa ta ci shi. Fistin ɗinsa biyu tare suke hawa tare suke sauka, amma bi da bi suke kama wuta, abin da ke ba shi wannan sautin mai laushi da ba ka samu a baburan silinda ɗaya da suka cika titi yanzu. Babur ne na mutum mai natsuwa, mai babbar riga da jakar takardu a kariya.

Wanda na je na gani kuwa ba wannan ba ne. Matashi ne mai shi, ya saya daga hannun iyalan wani dattijo da ya rasu, ya zauna ya mayar da shi irin salon da samarin Ingila suka ƙirƙiro a shekarun 1950 da 1960, wanda ake kira kafe resa. Can asalin abin, samari ne ke taruwa a wuraren shan shayi na bakin hanya irin Ace Cafe da ke Landan, suna cire duk abin da ke ƙara wa babur nauyi, suna sauke sitiyari ƙasa don su kwanta a kan tanki, burinsu su kai mil 100 a awa, wato kusan kilomita 160. Da manyan babura irin Triumph da Norton suke wannan. Honda 175 ko an tuɓe shi tsirara ba zai je kusa da wannan gudun ba, don haka abin da ya rage a nan kwalliya ce kawai. Kuma gaskiya kwalliyar ta yi. Tanki baƙi wuluk da siririn layi ruwan zinare, sit shimfiɗaɗɗe na fata, wutsiya an yanke an lanƙwasa bututu an rufe, fitila zagayayya mai haske fari, tayoyi masu kauri. Ya cire kariya, ya cire gidan cen, ya cire murfin tayar gaba, ya cire akwatin iska gaba ɗaya ya ɗaura wa kafireto wani ɗan mazubi na raga. Da ya tayar, duk layin sai da aka leƙo. Na ji zuciyata ta riga ta saya, shi ya sa ban ce komai a kan kuɗi ba, na yi masa sallama na ce zan dawo da bakanike.

Bakaniken nan dattijo ne, tun ana yayin waɗannan baburan yake kwance su yana ɗaurawa, mu duka Baba muke ce masa. Da na nuna masa hoton sai ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, wa ya yi wa bawan Allah wannan aski?" Ya yarda zai raka ni, da sharaɗi ɗaya: mu je da sassafe, kuma kada a tayar da babur ɗin kafin mu iso. Tsohon inji idan ya yi zafi yana ɓoye laifinsa, a sanyi ne yake faɗin gaskiya.

Muna isa Baba ya fara ɗora bayan hannunsa a kan bulok ya tabbatar da sanyi. Ya ce wa yaron ya buga kik. Sai a bugu na uku ko na huɗu ya kama, wanda ba laifi ba ne ga mai shekarunsa. Amma salansar dama ta fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, ta hagu kuwa fes. Baba ya bar shi ya ɗan yi zafi, ya murza mai ya saki, hayaƙin ya ƙaru maimakon ya ɗauke. Ya kashe, ya kwance filogi biyun ya jera su a tafin hannunsa ya miƙo mini. Na hagu bakinsa a bushe, launin ƙasa-ƙasa. Na dama baƙi ƙirin, yana maiƙo, har ya ɓata masa yatsa. Yaron ya yi sauri ya ce ai saitin kafireto ne, ƙaramin abu ne. Baba ya girgiza kai ya ce, "Yaro, kafireto nawa ne a babur ɗin nan? Ɗaya ne. Tukunya ɗaya ke ciyar da su biyun. Da laifinsa ne, da duka biyun sun yi baƙi. Wannan baƙin mai ne ke haurowa, ko ringi ya cinye, ko bulok ya faɗaɗa, ko ta wajen bawul yake zubowa."

Daga nan ya juya kan ɗan mazubin ragar da aka sa a madadin akwatin iska, ya cire shi, ya zura yatsa cikin maƙogwaron kafireto ya fito da shi da laushin ƙura. A nan na fi daɗewa ina tunani, don wannan canjin shi ne wanda ya fi kyau a hoto kuma shi ne ya fi cutar da injin. Mutumin Landan da ya fara cire akwatin iska bai san hunturun Kano ba. Mu nan daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar da inji ke zuƙa cike take da ƙura mai laushi, ita kuma idan ta haɗu da mai a cikin silinda sai ta riƙa goge ringi da bangon bulok a hankali. Raga tana tare tsakuwa da ƙwaro, ba ta tare wannan. Ga shi kuma idan iska ta yi wa kafireto yawa ba a ƙara girman jet ba, wato 'yar kafar da fetur ke bi a cikinsa, fetur ɗin da ke shiga ya yi kaɗan, inji ya riƙa ɗaukar zafi fiye da ƙima, shi kuwa iska ce kawai ke sanyaya shi, ba ruwa. Na tambayi yaron ina akwatin asalin. Ya ce ya daɗe da bai wa 'yan gwangwan.

Abu na biyu da Baba ya nace sai ya gani shi ne saman injin. Ya buɗe ƙananan murafen da ake saitin bawul, ya haska da fitilar waya, ya ce a tayar. Yana son ya ga baƙin mai na isowa sama. Ya bayyana mini cewa ƙananan Honda na wancan zamanin sandar da ke buɗe bawul a kan alminiyam take juyawa kai tsaye, mai ne kawai tsakaninsu, kuma ba su da matatar mai ta takarda irin ta mota, wani ɗan kofi ne mai juyawa ke tara dattin, sai an buɗe an wanke shi da hannu. Wanda ya yi sakaci da juyen mai, wurin nan ne ke fara cinyewa, kuma idan ya cinye gyaransa ya fi na ringi wahala nesa ba kusa ba. Alhamdu lillahi mai na isowa, kuma babu ƙarar ƙwanƙwasa daga sama, sai ɗan kacau-kacau na tamin cen da ke neman a ɗaure shi. Baba ya ce marigayin ya riƙe abinsa da kyau, ɓarnar duk ta baya-bayan nan ce.

Sai maganar yankan. Tun kafin mu zo na riga na raba canje-canjen gida biyu a raina: wanda sifana ta yi, da wanda zarto da walda suka yi. Sitiyari, sit, fitila, taya, salansa, duk wanda bai yi maka ba ka kwance ka mayar da na da. Abin da aka yanke daga jikin firam kuwa ya tafi ke nan. Tambayar ita ce a ina aka yanke. Idan bayan wurin da shokozoba ke ɗaure ne, abin da aka rasa wurin zaman na baya ne da wurin ɗaura kariya, ƙarfin babur bai taɓu sosai ba. Idan kuwa an taɓa kunnuwan da ke riƙe shokozoba, an gusar da su an sake liƙawa, to rayuwarka ce ke rataye a kan waldar wani da ba ka sani ba, wataƙila ma mai waldar ƙyauren gida ne da bai saba da siririn bututu ba. Muka cire sit. Baba ya nemi izini ya kankare ɗan fenti da bakin sukundireba. Yankan yana bayan kunnuwan da kamar faɗin yatsu uku, kunnuwan kuma waldar kamfani ce a jikinsu, sumul. Sabuwar waldar da aka liƙa bututun da ita ba ta da kyan gani, ƙulu-ƙulu ce an shafe ta da bodi fila, amma ba nauyi take ɗauka ba. Bai tsaya nan ba, sai da ya sa aka miƙe babur ɗin, ya koma baya ya durƙusa ya daidaita tayar baya da ta gaba da ido, ya kuma duba wuyan firam ko akwai alamar an taɓa gasa shi an miƙe bayan hatsari. Babu.

Canji ɗaya ne na yaba ba tare da ja ba, shi ne mayar da wutar 12V da cire fayint, wato abin da ke sakar wa filogi wuta a kan lokaci, a sa na zamani. Batir da ƙwan fitila na 6V sai an sha yawo kafin a samu, na 12V kuwa kowane mai kayan babur na bakin titi yana da su, kuma fitilar asali ta waɗannan baburan da daddare ba ta da wani haske. Dabarar ta yi, aikin ne bai yi ba. A ƙarƙashin tanki wayoyin murɗe su kawai aka yi aka naɗe da salatif, launi ɗaya ya shiga wani, kuma babu fis ko ɗaya a tsakanin batir da sauran, alhali tankin fetur na zaune a kansu. Wannan aikin yini ɗaya ne ga mai wayarin da ya san hannunsa, na sa shi a lissafi na wuce.

Na hau na zaga unguwa. A miƙaƙƙen titi daɗi kamar me, giya na shiga ba gardama, kuloci bai zamewa. Da na shiga layi mai ramuka sai labari ya canza. Sitiyarin ƙasa ya jefa nauyina duka a kan wuyan hannu, juya kai a lungu ya zama aiki, kuma gaban yana ɗan rawa idan na kama birki da ƙarfi. Baba ya ce murfin tayar gaba da aka cire ba laka kawai yake tarewa ba, ƙarfensa yana haɗa ƙafafun gaban biyu su yi aiki tare. Tayoyin masu kauri kuma sun ƙara masa nauyin juyi, ta baya har tana neman gogar cen. Da kaftani ma da ƙyar na zauna, balle a yi maganar babbar riga ranar Juma'a. Salansar da aka huɗe cikinta kuwa, bayan 'yan mintoci sai sautin da ya burge ni jiya ya koma ciwon kai.

Takardu sun fi injin cin lokaci. Lambar firam tana jikin wuya, ta inji tana gefen hagu na ƙasan injin. A Honda na lokacin ta firam tana farawa da CD175, ta inji kuma da CD175E, kuma ba dole lambobin biyu su zo iri ɗaya ba, don haka bambancinsu ba abin tsoro ba ne. Abin dubawa shi ne ko sun dace da abin da ke rubuce a takarda, da kuma ko an goge wurin an sake bugawa. Fenti ya cike ta firam, sai da muka sa tina muka wanke kafin ta fito, ta kuma dace da tsohuwar takardar rajista mai sunan marigayin. Lambar da ke jikinsa irin ta da ce, ta kafin tsarin da aka shigo da shi a 1992, ke nan sabuwar rajista na jirana. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne takardar cinikin da yaron ya nuna: sa hannun mutum ɗaya ne daga cikin 'ya'yan marigayin, babu shaida ko ɗaya. Kayan gado ba a wasa da shi. Idan ba a raba ba, ɗa ɗaya ba shi da ikon sayar da abin da 'yan'uwansa da iyayensu mata ke da haƙƙi a ciki, kuma ni ba na son ranar da wani zai tare ni a hanya ya ce babur ɗin babansu ne. Na ce ba zan ƙara taku ɗaya ba sai mun je gidan. Yaron bai ji daɗi ba, amma ya kai mu. Babban wan ya karɓe mu a zaure, ya tabbatar an yi rabo, babur ɗin ya faɗo a kason ƙaninsa ne, kuma ya yarda zai sa hannu a matsayin shaida idan ciniki ya faɗa. Har ya tambaya ko yana nan da jan fentinsa. Yaron ya sunkuyar da kai.

Kafin in yi tayi na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa na yi tambaya, don in san abin da ake samu da wanda ba a samu. Filogi, cen, siroket, takalmin birki, wayar kuloci, waɗannan ba matsala, ko na wani babur a daidaita. Fistin da ringi da gaskit sai an aika an kawo, wasu suka ce daga Nnewi, wasu suka ce sai dai daga waje, amma ana samu. Akwatin iska da murafen gefe da gidan cen su ne babu, sai dai in an dace da wani mataccen 175 da ake fasawa. Wato abubuwan da yaron ya ɗauka tarkace ne ya zubar, su ne mafi wuyar samu a jikin babur ɗin.

A gida uwargida ta kalli hoton ta ce, "To Malam, ni a ina zan zauna?" Na ce ai ga ɗayan nan. Ta ce ita dai ta san wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kada in zo ina yi mata ƙorafin kuɗin gyara. Ba ta hana ba, ba ta kuma goyi baya ba.

Wajen ciniki ne muka fi nisa da juna. Shi yana lissafa abin da ya kashe: fenti, fata, tayoyi, walda, fitila, kuɗin mai aiki. Ni kuma ina lissafa abin da zan kashe in warware rabin abin da ya yi. Na gaya masa a fili, "Ɗan'uwa, kwalliyar nan don kanka ka yi ta, ka kuma ji daɗinta. Ni firam da inji da takarda nake saye." Ra'ayina ke nan har yanzu: tsohon babur da aka canza wa kama bai kai darajar wanda aka bari yadda kamfani ya yi shi ba, ko nawa aka zuba masa, domin mai neman na tarihi ba zai kalle shi ba, mai neman na kwalliya kuma yana da tasa kwalliyar a ransa. Dillali ya yi ta kai gwauro ya kai mari, yana tsoron la'adarsa ta sulale. Muka tashi ba a daidaita ba.

Da suka sake nemana sai na kawo sharaɗin da Baba ya ba ni shawara: a buɗe kan injin kafin in biya, kuɗin aiki da na gaskit a wuyana ko na saya ko ban saya ba. Dalili shi ne bulok yana da iyakar sau nawa za a iya faɗaɗa shi. Fistin ɗin gyara na Honda suna zuwa mataki-mataki, 0.25, 0.50, 0.75, har 1.00 na milimita, kuma daga waje ba mai iya sanin inda aka kai. Idan an riga an kai na ƙarshe, sai neman wani bulok ko sa masa sabuwar riga a ciki, ni kuma a nan zan janye. Aka buɗe a shagon Baba, yaron na tsaye. Ya kankare baƙin da ya daskare a kan fistin da reza, lamba ta fito: 0.50. Bangon silindar dama yana da zane-zane a tsaye da farce ke kamawa, na hagu da sauƙi. Saura mataki biyu ke nan, kuma yaron ya ga aikin ragarsa da idonsa, bai ƙara cewa saitin kafireto ba ne.

Muka daidaita a ƙasa da kashi biyu cikin uku na abin da ya fara nema, tare da buhun da ya rage masa na kayan asali: sitiyari, murfin tayar gaba, ƙarfen ƙasan sit da fitilar baya. Aka rubuta takarda da lambar firam da ta inji, babban wan nan ya sa hannu, Baba ya sa, mai unguwarsu ya buga hatimi, na biya dillali la'adarsa.

Babur ɗin bai zo gida ba, a shagon Baba ya kwana tunda kansa a buɗe yake. Mun aika a kawo fistin 0.75, an mayar da sitiyarin asali da murfin tayar gaba, mai wayarin ya sake aikinsa ya sa fis. Wutsiyar da baƙin fentin na bar su yadda suke, don mayar da su ya fi ƙarfin abin da zan samu. Akwatin iska har yanzu ana cigiya, na bar saƙo a Ƙofar Ruwa da kuma wajen wani abokina da ke shiga Panteka a Kaduna. Kafin a samu, Baba na gyara na wani ƙaramin babur mai soso ya ɗaura masa, ya kuma ce ba zai ba ni makulli ba sai ya gama.